A Shigar da Yaro Kimiyya ta Ƙofar Kunnensa

Idan aka zauna ana tattauna koma-bayan da ilmin kimiyya ya yi a makarantunmu na firamare, abin da akasarin masu magana suke fara ambatawa shi ne rashin ɗakin gwaje-gwaje da rashin kayan aiki, kuma ba ƙarya suka yi ba, domin makarantar da yaranta suke zaune a ƙasa ba a tsammanin a tarar da na'urar ganin ƙwayoyin cuta a cikinta. Amma fa akwai babi guda daga cikin babobin wannan ilmi wanda uzurin nan bai shafe shi ba ko kaɗan, saboda Allah Maɗaukakin Sarki ya riga ya haɗa wa kowane yaro kayan aikinsa tun ranar da aka haife shi, watau kunnuwa biyu da maƙogwaro da tafin hannu, sa'an nan ya kewaye shi da turmi da ƙwarya da tulu da tsawa. Babin nan shi ne ilmin sauti. Ra'ayina, wanda nake so in kafa masa hujja a wannan maƙala, shi ne da shi ya kamata a buɗe wa yaro ɗan shekara biyar zuwa tara karatun kimiyya, da harshen Hausa, da abin da hannunsa zai taɓa, tun kafin a rubuta masa ta'arifi ko ɗaya a allo.

Abin da aka saba yi a azuzuwa masu yawa, wanda duk mai wucewa ta bayan tagar aji ya san shi, shi ne malami ya rubuta jumla guda ta Turanci mai cewa sauti wani nau'i ne na makamashi, yara su yi ta amsa ta da ƙarfi har ta zauna, su kwafe ta a littafi, ranar jarrabawa su mayar masa da ita yadda ya ba su, shi ke nan an wuce babin. Ba na raina hadda, domin da ita aka tsare Alƙur'ani a ƙirazan bayin Allah, da ita kuma yaro yake riƙe jadawalin lissafi. Sai dai malamanmu na da, Allah ya jiƙansu, sun bambanta tsakanin riwaya da diraya, watau tsakanin ɗaukar magana a isar da ita yadda take da kuma fahimtar dalilinta da sababinta, sun kuma san cewa ɗaya ba ta tsayawa a madadin ɗaya. Kimiyya kusan dukanta diraya ce. Yaron da ya haddace jumlar nan, alhali bai taɓa ɗora yatsa a kan abin da yake ƙara ya ji yana rawa ba, bai ƙaru da komai ba, mafi muni ma zai tashi da zaton cewa kimiyya waɗansu kalmomi ne na baƙi waɗanda ba su da wata alaƙa da tsakar gidansu, kuma wannan zato, in ya riga ya kafu, yana da wuyar cirewa ko a sakandare.

Ilmin nan kuwa dukansa a kan ƙa'ida ɗaya aka gina shi, wadda ɗan shekara biyar yana iya tabbatar da ita da kansa: babu wani sauti a duniya face akwai wani abu da yake karkarwa. A sa yaro ya ɗora yatsunsa a maƙogwaronsa ya ja murya, zai ji wani abu yana zirzir a ƙarƙashin fata. Ya yi shiru, abin ya tsaya. Ya hura iska kawai ba tare da murya ba, ba zai ji komai ba. Daga nan a rataye farantin ƙarfe da zare a buga shi da cokali, a bar shi yana amo, sa'an nan a ce wa yaron ya dafa shi da tafin hannu, nan take amon zai mutu. A wannan gaɓa ne ake gane malami na ƙwarai, domin shi ba zai yi gaggawar bayani ba, tambaya zai yi, ya ce, "To, me hannunka ya tsayar?" ya kuma daure ya yi jira, ko da shirun ya yi masa tsawo, har wani daga can baya ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, rawa yake yi, da na taɓa shi ya daina." Amsar nan, wadda ta fito daga bakin yaro da kalmominsa, ita ce darasin ranar, kuma ba zai manta da ita ba tun da shi ya gano ta.

Mas'ala ta biyu ta fi wannan zurfi, ita ce yadda rawar farantin take ƙetare ɗaki ta iso kunne alhali farantin bai motsa daga wurinsa ba. A nan gero ne zai yi aikin. A samu kwanon sha, a shimfiɗa leda a bakinsa, a ja ta sosai a ɗaure da roba har ta miƙe tsaf, a barbaɗa mata 'yan ƙwayoyin gero. Sa'an nan wani yaro ya riƙe babban tire kusa da kwanon, ba tare da ya taɓa shi ba, ya maka masa ludayi. Ƙwayoyin geron za su yi tsalle. Babu wanda ya taɓa su, babu wanda ya hura su, ga shi kuwa sun motsa a gaban idon kowa, to me ya motsa su? Iskar da take tsakanin tiren da ledar ita ce ta ɗauko karkarwar, domin tiren ya tura iskar da take jikinsa, ita kuma ta tura ta gabanta, ta gaban ta tura ta gabanta, har turin ya kai ga leda. Misalinsa shi ne dutsen da aka jefa cikin tafki: zobban ruwa suna faɗaɗa har su kai gaɓa, amma ganyen da yake bisa ruwan yana nan inda yake, hawa da sauka kawai yake yi. Haka iska ba ta tashi daga bakin mai magana ta yi tafiya zuwa kunnen mai sauraro, motsi ne yake tafiya a cikinta. Hujjar da ta yanke gardama a kan wannan ita ce gwajin da Robert Boyle ya wallafa a ƙasar Ingila a shekarar 1660, inda ya rataye agogo a cikin tulun gilas ya yi ta zuƙe iskar da take ciki da famfo, ƙarar agogon ta yi ta raguwa har ta ɓace, da ya mayar da iskar kuwa sai ta dawo. Shi ya sa sararin da yake tsakanin taurari, inda babu iska, babu sauti a cikinsa ko da wane irin abu ne ya fashe.

Ba iska kaɗai ke ɗaukar sauti ba, kuma yaranmu sun daɗe da sanin haka ba tare da an ce musu ilmi ne ba, tun da suna huda gindin gwangwanayen madara biyu su haɗa su da dogon zare su yi wayar tarho. Abin da ya rage wa malami shi ne ya mai da wasan nan nazari: a saki zaren ya yi sako-sako a ji ko maganar za ta iso, a ja shi ya miƙe a sake gwadawa, wani ya matse tsakiyarsa da yatsu biyu a ga abin da zai faru. Haka nan yaro ya kwantar da kunnensa a wani gefe na benci, ɗan'uwansa ya ƙarci ɗaya gefen da farce a hankali, zai ji ƙarar sarai, ya ɗaga kai kuwa ba zai ji ba. Sauti ya fi gudu a cikin ruwa fiye da iska ninki huɗu da wani abu, a cikin ƙarfe kuwa wajen ninki goma sha biyar. Kada a ɗauki wasan benci da sauƙi, domin irin wannan lura ce ta sa wani likita na birnin Faris a ƙasar Faransa, mai suna René Laennec, ya naɗe takarda a shekarar 1816 ya ɗora bakinta ɗaya a ƙirjin majinyaciya ɗaya kuma a kunnensa, ya ji bugun zuciya fiye da yadda ya taɓa ji, kuma daga nan aka samo abin sauraron ƙirji da kowane likita yake ratayawa a wuya yau.

Sa'an nan sai batun gudu, wanda a ganina shi ne ya fi kowane sashe daɗin koyarwa a ƙauye. Duk wanda ya taɓa hango mata suna daka daga nesa, ko mai faskare a bakin gona, ya ga taɓarya ta sauka kafin ya ji bugunta, wani lokaci ma sai ta sake tashi sama sa'an nan ƙarar ta iso. Dalilin kuwa shi ne haske yana cin kilomita 300,000 a sakan ɗaya, sauti kuwa a cikin iska mita 340 ne ko sama da haka kaɗan idan ana zafi, saboda haka ido yakan riga kunne samun labari. Abu Raihan al-Biruni, masanin nan na ƙarni na biyar na Hijira, yana cikin waɗanda suka ambaci cewa haske ya fi sauti gudu nesa ba kusa ba. Malami ya fita da yaransa fili, ya aika ɗaya daga cikinsu can nesa da murafun tukunya biyu ya riƙa haɗa su, sauran su tsaya suna kallo suna sauraro, za su ga tazarar da idanunsu. Idan damina ta zo kuwa, sai ya koya musu su riƙa ƙirga sakan tsakanin walƙiya da tsawarta, kowane sakan uku kilomita ɗaya ke nan. A nan fa'idar ta wuce ta lissafi, domin yaron da ya san haka firgitarsa takan ragu, ya kuma san cewa idan tazarar ta gajarta ƙwarai hadarin yana kansa, wajibi ne ya bar gindin itace da fili ya shiga ɗaki. Tasbihin da iyayensa suka koya masa ya yi idan ya ji tsawa yana nan daram, sanin sababi bai taɓa rage wa Musabbabi komai ba, ƙara wa mai tasbihin natsuwa ma yake yi.

Inda yara da manya suka fi rikicewa shi ne bambanci tsakanin ƙarfin sauti da sirantarsa, abubuwa biyu ne dabam, amma an saba cakuɗa su. Ƙarfi yana zuwa ne daga girman karkarwa, watau a buga ganga a hankali ko a maka mata. Siranta da kauri kuwa suna zuwa ne daga yawan karkarwar a cikin sakan ɗaya. Maƙogwaron namiji baligi yana karkarwa wajen sau 120 a sakan, na mace wajen sau 200, na ƙaramin yaro kusan sau 300, fukafukan sauro kuwa wajen sau 500, shi ya sa kukansa yake da tsini a kunne duk da rashin ƙarfinsa. Kunnen yaro mai lafiya yana jin abin da yake karkarwa daga sau 20 har zuwa sau 20,000 a sakan, kuma iyakar nan ta sama tana raguwa da shekaru. Ma'aunin da ake ƙirga wannan da shi an sa masa sunan wani masani Bajamushe, Heinrich Hertz. Kare yana jin abin da ya zarce iyakarmu, giwa kuma tana kiran 'yan'uwanta da amon da yake ƙasa da abin da muke ji.

To, da me za a nuna wa yaro wannan? Babu abin da ya kai kalangu. Makaɗi yana matse igiyoyin fata da suka haɗa bakunansa biyu a ƙarƙashin hammatarsa, fatar ta ƙara miƙewa, karkarwarta ta ƙara sauri, muryar ta yi sama. Ya saki, ta sauko. Da wannan dabara ce kalangu yake magana har mahauci ya ji takensa ya amsa, domin Hausa harshe ne mai hawa da saukar murya, wanda yaro ɗan shekara uku yake bambanta kukan jariri da kukar miya a cikinsa ba tare da an koya masa ba. In ba a samu kalangu ba, robar ɗaure kaya da aka miƙe a bakin gwangwani ta isa, a ja ta a saki a saurari canjin. Akwai kuma ilmin da 'yan mata suke da shi wanda littafi bai ba su ba: yarinyar da take tarar ruwa a famfo tana sanin jarka ta kusa cika ba tare da ta leƙa ba, saboda muryar ruwan tana ta sirancewa yayin da iskar da ta rage a cikin jarkar take gajarcewa. A tambaye ta a gaban aji yadda take ganewa, a bar ta ta bayyana, sa'an nan a jera kwalabe da ruwa daban-daban a hura bakinsu a tabbatar. Ranar nan yarinyar za ta gane cewa abin da ta sani ilmi ne mai daraja, kuma ban san wata kyauta da malamin firamare zai yi wa ɗiya mace da ta fi wannan ba. Haka uwa mai ƙwanƙwasa tukunyar ƙasa a kasuwa don ta ji ko tana da tsaga, da amo take hukunci, kamar yadda mutanen da suka gabace mu suka gano duwatsu masu amo a Birnin Kudu ta jihar Jigawa, waɗanda Bernard Fagg ya yi nazarinsu a tsakiyar shekarun 1950.

Amsa-kuwwa ba ta bukatar dogon bayani, sauti ne da ya bugi abu mai tauri ya dawo, kuma sai bangon ya kai nisan mita 17 ko fiye kafin kunne ya raba kiran da amsarsa. Da ita waɗansu jemagu suke neman hanya da abinci cikin duhu, da ita kuma na'urar sikanin asibiti take nuna ɗan da yake cikin mahaifa. Yaro mai lura zai tambaya kuma me ya sa ake jin kiran salla na unguwa mai nisa da asubar hunturu alhali da rana ba a jinsa. Amsar ita ce, ban da shirun gari, iskar da take kusa da ƙasa ta fi ta samanta sanyi a wannan lokaci, sai sautin da zai tashi sama ya lanƙwaso ya dawo ƙasa.

Na san akwai iyaye da malamai masu tsantseni waɗanda ambaton kalangu zai sa su ja da baya, kuma ba ni da niyyar shiga saɓanin fuƙaha'u game da kayan kiɗa, wannan fage ne na ma'abotansa. Abin da zan ce musu shi ne, ilmin sauti bai rataya a kan kiɗa ba, kuma ba baƙo ba ne a zauren malamai, hasali ma a can ya girma. Khalil ɗan Ahmad na Basra, a ƙarni na biyu na Hijira, da ya tashi tsara ƙamusunsa bai bi jerin haruffa da aka saba ba, sai ya jera su bisa mafitarsu tun daga maƙoshi har leɓɓa, shi ya sa aka san littafin da sunan harafin Ain. Ibn Sina ya rubuta risala sukutum a kan sababan faruwar haruffa, inda ya mayar da asalin sauti ga kaɗawar iska da aka tura da ƙarfi da sauri, ko ta hanyar haɗuwar abubuwa biyu ko ta rabuwarsu, wanda yake kusa ƙwarai da abin da gero ya nuna mana. Al-Farabi, wanda ya rasu a shekarar 339 ta Hijira, ya yi dogon bahasi a kan dangantakar tsawon tsirkiya da muryarta. Ibn al-Jazari kuwa, wanda ya rasu a 833, shi ne wanda ɗaliban tajwidi a Kano da Sakkwato da Damagaram suke bin ƙidayarsa ta mafitan haruffa goma sha bakwai har gobe. Malamin Islamiyya da yake sa almajirinsa ya toshe hanci yana furta mimun ko nunun mai shadda don ya gane cewa gunna daga hanci take fita, gwajin kimiyya yake yi cikakke, da sharaɗinsa da sakamakonsa, ko da bai kira shi da wannan suna ba. Abin takaici ne a ce yaro ɗaya yana yin wannan gwaji da yamma, da safe kuma yana haddar jumlar Turanci, babu wanda ya taɓa gaya masa cewa batu ɗaya ne.

Game da harshe kuwa, masu cewa jarrabawa da Turanci ake yin ta suna da hujja, amma hujjar ba ta kai inda suke so su kai ta ba. Daga shekarar 1970 Farfesa Aliyu Babatunde Fafunwa da abokan aikinsa na Jami'ar Ife sun gudanar da gwaji inda aka koyar da yara dukan darussan firamare, har da kimiyya da lissafi, da harshen Yarbanci tsawon shekara shida, Turanci kuwa aka koyar da shi a matsayin darasi mai zaman kansa; sakamakon ya nuna yaran sun fi takwarorinsu fahimta, kuma ba su gaza su a Turancin ba. Mu ma nan Arewa ba yau aka fara ba, tun da Dakta East da Malam Abubakar Imam sun rubuta littafin Ikon Allah don bayyana al'amuran halitta da Hausa tun zamanin iyayenmu da kakanninmu. Yaron da ya fahimci karkarwa da hannunsa, ranar da aka ba shi sunanta na Turanci zai karɓa ya rataya shi a kan abin da ya riga ya sani. Wanda aka fara ba shi sunan kuwa ba shi da inda zai rataya shi.

Akwai dalili na ƙarshe, wanda shi ne ya fi tsaya mini a rai, domin ya shafi lafiya. A can cikin kunne akwai wata siririyar fata a miƙe, dodon kunne, wadda take karɓar turin iska ta miƙa shi ga waɗansu ƙasusuwa uku, mafi ƙanƙanta a jikin ɗan Adam, na ƙarshensu bai fi milimita uku ba. Su kuma su miƙa shi ga wani naɗaɗɗen bututu mai ruwa a ciki, inda waɗansu ƙwayoyin halitta masu gashi, wajen 15,000 a kowane kunne, suke mai da motsin saƙo zuwa ƙwaƙwalwa. Wannan tsari yana fara aiki tun ɗa yana cikin uwa, wajen wata na shida, kuma ba banza ba ne abin da muke fara isarwa ga jariri ya kasance kiran salla a kunnensa. Abin da ya kamata kowane uba ya sani shi ne, ƙwayoyin nan masu gashi idan ƙara mai tsanani ta kashe su ba sa sake tsirowa har abada. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa yara miliyan 34 ne a duniya suke fama da raunin ji mai nakasarwa, cewa kusan kashi 60 cikin ɗari na kurumtar yara daga sababan da ake iya kaucewa take, cewa kuma matasa sama da biliyan ɗaya suna cikin hatsari saboda yadda suke sauraron abubuwa da ƙarfi. Hira ta yau da kullum tana wajen desibel 60 a ma'aunin ƙarfin sauti. A desibel 80 baligi yana iya jure awa 40 a mako, a 90 awa huɗu, a 100 kuwa minti 20 kacal. To, a dubi jaririn da aka goya ana tsaye a bakin injin markaɗe, da yaron da ake aika ya yini a wurin niƙa, da waɗanda suke cincirindo a gaban lasifikar gidan biki har ƙirjinsu yana jijjiga, da janareton da ake kwana da shi a bakin tagar ɗakin yara, da 'yar wayar nan da samari suke cusawa a kunne har na kusa da su yana jin abin da suke ji. A ƙara da sanƙarau da ƙyanda, waɗanda suke barin kurumta a bayansu kuma akwai rigakafinsu, da kunne mai zubar da mugunya da ake ɗiga wa mai ko ruwan ganye maimakon a kai asibiti, da tsinke da gashin kaza da ake sosa kunne da su. Mari a kan kunne kuwa yana iya fasa dodon kunne nan take, kuma ina roƙon duk malamin da yake karanta wannan ya bar shi har abada. Yara nawa ne aka yanke wa hukuncin daƙiƙanci, aka tura su layin baya, alhali ba ƙwaƙwalwarsu ce ta gaza ba, maganar malam ce ba ta isa gare su? Yaron da ya ga gero yana tsalle a kan leda, aka kuma gaya masa cewa akwai irin wannan fata a cikin kansa, ba ya bukatar doguwar nasiha kafin ya matsa daga jikin lasifika. Nasihar da Luƙmanu ya yi wa ɗansa ta sassauta murya, wadda ake karantar da ita a babin ladabi, tana da gurbi a babin lafiya ma.

Za a ce aji mai yara ɗari ba ya ɗaukar irin wannan darasi, hayaniya za ta yi yawa. Gaskiya ne za ta yi, saboda haka a fita da su gindin itace, a kasa su goma-goma, kowane kashi da gwangwaninsa da zarensa, a kuma buɗe darasin da minti ɗaya na shiru inda kowa zai rufe ido ya ƙirga sautukan da ya ji, na kusa da na nesa, wanda shi kansa horo ne na natsuwa da yaranmu suke bukata. Kuɗin kayan dukansu bai kai na alli ba, akasarinsu ma a bola ake tsintarsu a wanke.

Kirana yana ga kwalejojin horar da malamai, su sa kowane ɗalibinsu ya yi gwaje-gwajen nan da hannunsa kafin a ba shi takardar shaida, domin wanda bai taɓa yi ba ba zai sa wani ya yi ba. Yana ga hedimastoci, su yarda malami ya fita da ajinsa fili ba tare da an ɗauka wasa yake yi ba. Yana ga gidajen rediyonmu, waɗanda sana'arsu kacokan sauti ce, su ware wa yara ko da minti goma sha biyar a mako don wannan. Kai kuma uba, ke kuma uwa, kada ku jira makaranta: kwano da leda da gero suna nan a gidanku, ku tara yaran bayan sallar magariba ku gwada musu, in kuwa kun lura akwai wanda sai an maimaita masa magana ko sai ya juyo da kunne ɗaya, ku kai shi asibiti a duba shi cikin makon nan.